BABI NA UKU: MATSAYIN NAS MAI IZININ MAGANI A DOKAR DIYYAR MA'AIKATA TA ƘASAR AMURKA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana matsayin da dokar diyyar ma'aikata ta ƙasar Amurka ta ajiye wani rukuni na ma'aikatan jinya, wato waɗanda suka yi karatu mai zurfi har aka ba su izinin duba marasa lafiya da rubuta masu magani. An zaɓi ƙasar Amurka ne saboda a can wannan sana'a ta samo asali, kuma a can aka fi yin ja-in-ja a kanta a majalisu da gaban alƙalai. Za a fara da ma'anar kalmomi, sannan a waiwayi asalin dokar diyya a taƙaice, daga nan a duba abin da dokar take nema daga wurin mai duba ma'aikacin da ya ji rauni, da yadda jihohi uku da gwamnatin tarayya suka bambanta a kan wannan batu.

3.1 Wace ce Nas Mai Izinin Magani?

A Hausar yau da kullum kalmar "likita" tana da faɗi ƙwarai. Bahaushe yakan kira malamin asibitin ƙauye likita, ya kira mai ba da magani a kemis likita, kai har mai yin allura ma yakan sami wannan suna idan hannunsa yana da sauƙi. A wurin doka kuwa kalmar tana da iyaka, kuma kamar yadda za a gani a gaba, a kan wannan iyaka ce dukkan rigimar wannan babi take.

Nas ita ce ma'aikaciyar jinya wadda aka sani a kowane asibiti. Amma akwai wani mataki a sama da wannan, wanda Amurkawa ke kira "nas firaktishina". Ita wannan nas ce da ta gama digirin farko a fannin jinya, ta sami lasisi, sannan ta koma jami'a ta yi digiri na biyu ko na uku a wani ɓangare na kiwon lafiya, ta kuma ci jarrabawar ƙwarewa ta ƙasa. Tana da ikon ta duba marar lafiya, ta faɗi cutar da ke damunsa, ta aika shi ɗaukar hoto ko gwajin jini, ta rubuta masa magani. Kasancewar babu kalma guda ta Hausa da ta tsaya a kan wannan ma'ana, a cikin wannan nazari za a riƙa kiranta "nas mai izinin magani", ko "nas mai izini" a taƙaice. An yi amfani da lamirin mace ne saboda mata suka fi yawa a sana'ar, ba don babu maza a cikinta ba.

Sana'ar ta fara ne a shekarar 1965 a Jami'ar Kolorado, inda wata malamar jinya mai suna Loretta Ford da wani likitan yara mai suna Henry Silver suka buɗe kwas na farko domin magance ƙarancin likitocin yara, musamman a karkara. A shekarar 2023 ƙungiyarsu ta ƙasa ta bayyana cewa masu lasisin wannan aiki sun haura 385,000. Kowace jiha ce ke yanke iyakar aikinsu. Fiye da rabin jihohin sun sakar masu mara su yi aiki ba tare da wani likita yana sa masu ido ba, sauran kuwa sun ɗaure su da wata yarjejeniya da likita.

3.2 Asalin Dokar Diyya

Kafin a kafa dokokin diyya, ma'aikacin da inji ya yanke wa hannu ba shi da wata hanya sai ya kai mai masana'anta ƙara, ya kuma tabbatar wa kotu cewa sakacin mai masana'antar ne ya jawo haɗarin. Shi kuwa mai masana'anta yana da mafaka uku. Zai iya cewa ma'aikacin ma ya yi nasa gangancin, ko ya ce laifin abokin aikinsa ne, ko kuma ya ce ai ya san aikin yana da haɗari tun ranar da ya karɓe shi. Da wuya talaka ya tsallake waɗannan ramuka uku.

Ƙasar Jamus ce ta fara sauya wannan tsari a 1884 a zamanin Bismak, Ingila ta biyo baya a 1897. A Amurka, jihar Niyok ta yi doka a 1910, amma babbar kotun jihar ta soke ta ranar 24 ga Maris, 1911. Washegari gobara ta tashi a masana'antar ɗinkin riguna ta Triangle a birnin Niyok, ma'aikata 146 suka mutu, mafi yawansu 'yan mata baƙi 'yan ci-rani. Wannan masifa ta sa aka gyara tsarin mulkin jihar, sabuwar doka ta fara aiki a 1914. Jihar Wiskonsin ce ta fara yin dokar da ta tsaya da ƙafarta a 1911, Misisifi kuma ita ce ta ƙarshe a 1948. A nan gida Nijeriya ma akwai irin wannan doka, wato ta 2010 wadda ta maye gurbin ta 1987, kuma hukumar NSITF ke riƙe da asusunta.

Ginshiƙin dokar shi ne musaya. Ma'aikaci ya haƙura da 'yancinsa na kai mai gidansa ƙara, shi kuma a biya masa kuɗin magani da wani kaso na albashinsa ba tare da an tambayi ko laifin wane ne ba. To, da aka cire tambayar laifi, sai wasu tambayoyi suka maye gurbinta, kuma dukkansu na asibiti ne.

3.3 Abin da Doka ke Nema daga Mai Duba Rauni

Idan mutum ya je asibiti da zazzaɓi, tsakaninsa da mai duba shi magana ɗaya ce: ya sami sauƙi. Idan kuwa ma'aikaci ne ya je da raunin da ya samu a bakin aiki, akwai mutum na uku da ke jiran takarda, wato kamfanin inshora ko hukumar da za ta biya. Mai duba raunin yana da aiki biyu ke nan, aikin warkarwa da aikin shaida. Takardar da ya rubuta ita ce hujjar da ake ɗora biyan kuɗi a kanta, kuma ita za a ajiye gaban alƙalin diyya idan gardama ta taso.

Tambaya ta farko da takardar za ta amsa ita ce ko aikin ne ya haddasa raunin. Idan lebura ya faɗo daga bene ƙafarsa ta karye, amsar a fili take. Amma ɗauki matar da ta shekara 15 tana ɗaga kwalaye a sito, yau ta zo da ciwon baya, hoto kuma ya nuna ƙashin bayanta ya fara zaizayewa irin na shekaru. Aikin ne ya jawo, ko tsufa ne, ko kuwa aikin ya tsananta abin da da ma yake kwance? A nan ne kamfanonin inshora suka fi tirjewa.

Tambaya ta biyu ita ce ko ma'aikacin zai iya komawa aiki, idan ba zai iya ba, har zuwa wane mizani ya gaza. A jihar Niyok ana lissafin kuɗin mako ne kamar haka: a ɗauki kashi biyu bisa uku na matsakaicin albashin mako, a buga shi da mizanin gazawar da aka rubuta, muddin bai wuce iyakar da doka ta yanke ba. Alal misali, a ƙaddara mutum yana samun dala 1,200 a mako. Kashi biyu bisa uku ya zama dala 800. Idan aka rubuta cewa ya gaza gaba ɗaya zai karɓi dala 800, idan aka rubuta kashi 75 cikin ɗari zai karɓi 600, idan kashi 50 ne sai 400. Ke nan lamba ɗaya da aka cika a fom ita ce bambancin biyan kuɗin haya da kasa biya. Haka kuma ba a biyan kwana 7 na farko sai idan jinyar ta wuce kwana 14, saboda haka ranar da aka rubuta a takarda ma kuɗi ce.

Tambaya ta uku tana zuwa ne a ƙarshen jinya, lokacin da aka ga raunin ya kai inda ba zai ƙara samun sauƙi ba. A nan ake auna naƙasar da ta zauna dindindin, a ce hannu ya rasa kaso kaza na amfaninsa. Wannan awo shi ke yanke diyya mafi tsoka.

Bisa ga haka, idan ana maganar matsayin nas mai izini a wannan doka, ba ɗinke rauni ko rubuta magani ake jayayya a kai ba, domin lasisinta ya riga ya ba ta wannan. Abin tambaya shi ne, daga cikin waɗannan amsoshi uku, wacce ce doka za ta karɓa idan sa hannunta kaɗai ke kan takardar.

3.4 Yadda Jihohi Suka Bi da Al'amarin

Jihar Washinton, wadda ke arewa maso yammacin ƙasar, ba babban birnin tarayya mai irin sunanta ba, ita ce ta fi ba da abin nazari. Kafin shekarar 2004, nas mai izini tana iya jinyar ma'aikaci, amma rahoton haɗari da takardar hutun jinya sai likita ya sa masu hannu. A ƙauyen da asibitinsa nas ce kaɗai ke riƙe da shi, wannan yana nufin ko a aika takarda gari a jira, ko marar lafiya ya hau mota ya je wurin likitan da bai taɓa ganinsa ba domin kawai ya sa hannu. A watan Yuli na 2004 majalisar jihar ta ba su damar zama masu riƙe da jinyar ma'aikaci da kansu, na gwaji har shekara uku, ta kuma nemi a bi diddigin sakamakon.

Jeanne Sears da abokan aikinta na Jami'ar Washinton suka yi wannan bincike, suka buga sakamakonsa a 2007 da 2008. Sun kwatanta ma'aikatan da nas ta riƙe da waɗanda likitan farko ya riƙe, ba su sami wani bambanci na a-zo-a-gani ba a tsawon hutun jinya ko a yawan kuɗin da aka kashe. A karkara kuwa sun ga rahoton haɗari ya ƙara isa ofis a kan lokaci. A 2007 aka mai da dokar ta dindindin. Sai dai an bar awon naƙasa ta dindindin a hannun likitoci. Wato an ba nas amsa ta farko da ta biyu, an riƙe ta uku.

Maƙwabciyarta Oregan ta bi wata hanya daban, ta yanke da kwanaki. A dokar 2003 nas tana iya jinyar ma'aikaci har kwana 90, ta ba da izinin biyan kuɗin hutu har kwana 60. A 2013 aka ƙara wa'adin zuwa kwana 180. Tunanin shi ne raunin da ya wuce wannan lokaci bai warke ba ya zama babba, sai a miƙa shi ga likita.

Niyok ta makara, amma da ta tashi sai ta zarce su. Dokar da aka zartar a 2019, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2020, ta sa nas mai izini cikin waɗanda hukumar diyya ta jihar ke iya yi wa rajista, kuma ra'ayinta yana zama hujja a kan musabbabin rauni da mizanin gazawa. Abin lura a nan shi ne wannan doka ta shigo da mataimakan likita su ma, amma ta ce ra'ayinsu ba zai zama hujja a kan musabbabin rauni ko naƙasa ta dindindin ba. Ma'aikata biyu ne da sukan zauna a ɗaki ɗaya suna duba irin mutane ɗaya, doka ta karɓi shaidar ɗaya ta taƙaita ta ɗayan, saboda shi mataimaki lasisinsa a rataye yake da na likita.

3.5 Dokar Tarayya da Ma'anar Kalmar "Likita"

Ma'aikatan gwamnatin tarayya, irin su masu raba wasiƙu da masu kashe gobarar daji da jami'an kan iyaka, ba sa ƙarƙashin dokokin jihohi. Suna da tasu doka ta 1916 wadda Ma'aikatar Ƙwadago ke gudanarwa. Tana ci gaba da biyan cikakken albashi har kwana 45 ga wanda ya ji rauni farat ɗaya, bayan nan kuma kashi biyu bisa uku, ko kashi 75 cikin ɗari ga mai iyali. Amma duk wannan sai da shaidar "likita", kuma dokar ta jera waɗanda take nufi da kalmar. A gyaran 1974 aka faɗaɗa jerin ya haɗa da likitocin haƙori da na ƙafa, da masu awon ido, da masana halayyar ɗan Adam masu duba marasa lafiya, har da masu gyaran gadon baya da hannu, ko da yake su an taƙaita su ga gocewar ƙashin baya da hoto ya nuna. Nas mai izini ba ta cikin jerin. Ba abin mamaki ba ne, domin a lokacin sana'ar shekararta tara kacal.

Sakamakon haka shi ne hukumar ɗaukaka ƙara ta Ma'aikatar Ƙwadago ta sha yanke hukunci cewa rahoton da nas kaɗai ta sa wa hannu ba shi da nauyin hujjar asibiti, sai idan likita ya ƙara nasa hannun. A ƙaddara wani mai raba wasiƙu ne a ƙaramin gari ya zame a kan ƙanƙara ya gurɗe gwiwa. Ya je asibitin garin, nas ɗin da ta shekara goma tana duba shi da iyalinsa ta duba gwiwar, ta aika shi hoto, ta ɗaure, ta rubuta masa hutun mako uku, ta kuma bayyana dalla-dalla yadda faɗuwar ta jawo raunin. Ba a ce ta yi kuskure ba, ba a ce wani likita ya saɓa mata ba, amma ana iya ƙin biyansa a kan cewa bai kawo shaidar likita ba. Da a gidansa ya faɗi, inshorar lafiya ta ma'aikatan tarayya za ta biya wannan nas ɗin ba tare da wata magana ba.

Daɗin daɗawa, ita gwamnatin tarayyar ta daɗe da amincewa da su a wasu ɓangarori. Dokar kasafi ta 1997 ta ba shirin Medicare na tsofaffi damar biyansu kai tsaye, a kan kashi 85 cikin ɗari na abin da ake biyan likita. A ƙarshen 2016 Ma'aikatar Tsofaffin Sojoji ta ba su cikakken ikon aiki a asibitocinta. Ke nan nas ɗin da ke duba tsohon soja ita kaɗai, idan abokiyar aikinta ta ji rauni a wannan asibiti, takardarta ba ta wadatar ba.

An yi yunƙurin gyara. A watan Yuni na 2022 Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin da Joe Courtney da Tim Walberg suka gabatar, ɗaya daga kowace jam'iyya, da ƙuri'a 325 a kan 83. Ƙudurin ya nemi a karɓi shaidar nas mai izini da mataimakin likita gwargwadon abin da dokar jiharsu ta yarda su yi. Majalisar Dattawa ba ta zartar da shi ba har wa'adin majalisar ya ƙare, sai da aka sake gabatar da shi daga farko a 2023.

3.6 Hujjojin Ɓangarorin Biyu

Ƙungiyar Likitocin Amurka ta yi adawa da wannan ƙuduri, kuma bai kamata a yi watsi da hujjarta a ce kishin sana'a ne kawai ba. Likita yana yin shekara huɗu a makarantar likitanci bayan digirin farko, sannan ya yi shekara uku zuwa bakwai yana koyon aiki a asibiti. Mafi ƙarancin sa'o'in koyon aiki da ake nema daga nas mai izini kuwa ya daɗe a kan 500. Suna cewa gano musabbabin cutar da ta ɗauki shekaru tana ginuwa, kamar ciwon huhu daga ƙurar ma'adinai ko kurumta daga ƙarar inji, yana buƙatar zurfin da ba kowa ke da shi ba, kuma kuskure a nan yana cutar da ma'aikacin kansa.

Su kuwa ma'aikatan jinya suna cewa mafi yawan raunukan aiki ƙanana ne: targaɗe, yanka, ciwon baya, ƙuna. Irinsu suke dubawa kullum. Wanda ya fi ƙarfinsu kuma suna tura shi ga ƙwararre, kamar yadda likitan farko ma yake yi. Suna ƙara da cewa sa hannun likitan da bai ga marar lafiya ba bai ƙara wa takarda gaskiya ba, jinkiri kawai ya ƙara mata.

A ganin mai wannan nazari, hujjar likitoci ta fi ƙarfi a kan tambaya ta uku da cututtukan da ke da wuyar ganewa, ta ma'aikatan jinya kuma ta fi ƙarfi a kan rahoton farko da takardar hutu. Binciken Washinton ma iyakarsa ke nan, domin likitocin farko aka kwatanta su da su, ba ƙwararrun likitocin ƙashi ko na huhu ba, saboda haka bai dace a ja shi ya wuce inda ya tsaya ba.

Akwai kuma wani abu da ba a cika ambata ba. Samun izini a doka ba ya hana kamfanin inshora ya aika ma'aikaci wurin likitan da shi ya zaɓa ya kuma biya, domin a sake duba shi. Idan rahoton wannan likita ya saɓa wa na nas, alƙalin diyya ne zai auna su biyun. A jihar Niyok ana iya kiran mai jinyar ta amsa tambayoyin lauyoyi bisa rantsuwa, a tambaye ta abin da ta karanta, da yawan irin wannan rauni da ta taɓa gani, da dalilin da ya sa ta rubuta kashi 75 maimakon 50. Doka ta kuma ɗora mata aika rahoton farko cikin sa'o'i 48 da fara jinya, da bin ƙa'idojin magani da hukumar ta shimfiɗa, da karɓar farashin da hukumar ta yanke ba tare da ta nemi ko sisi daga hannun ma'aikacin ba.